Takardar Haraji

"Ku yanke haraji a albashina, Bibi," in ji mai renon jikana. "Ni dai a ba ni takarda."

Na ajiye kofin shayi. Shekarata sittin a Lahore, ban taɓa ganin mai reno ta roƙi a rage mata kuɗi ba.

"Ke, wa ya turo ki? 'Yan haraji?"

"Wallahi ba kowa."

"To na ƙara miki rupee dubu biyar, a hannu, ba takarda."

Ta girgiza kai. Na ce a raina, na kama ki.

Ta gyara wa yaron kwanciya a kafaɗarta.

"Alƙali ya ce sai na kawo shaidar albashi, sannan dangin mijina su maido mini 'yata. Watanta bakwai, kamar wannan."