Ƙafata Ƙafarka

"Ka taka shi sosai, Nouhou," in ji abokina Kader, yana miƙo min kwalin takalmi a sito inda muke aiki a titin Wendover, nan ƙasar waje. "Ai kai ke cewa ba a hawan dutse da sabon takalmi."

Gaskiya ne, ni na koya masa. A gindin duwatsun Ayar na girma, shi kuwa ɗan Yamai ne. Tun 2004 muke burin hawan dutsen Kilimanjaro tare. Ya ce tikitin jirgi na wuyansa. "Ƙafata ƙafarka," haka yake ce min kullum.

Takalmin ya ci min ƙafa ba kaɗan ba. Da shi nake zuwa aiki, da shi nake zagaye unguwar Sedgefield da jaka a baya. Dunduniyata ta yi bororo, ta fashe, ta warke, har takalmin ya yi laushi.

Da tafiya ta matso, Kader ya zo ya karɓe shi, wai zai haɗa kayanmu a jaka ɗaya. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Da shirun ya yi yawa na tafi gidansa. Matarsa Houda ta buɗe ƙofa da fara'a.

"Ai sun hau sun sauko lafiya, shi da Eric, manajanku," ta ce. "Ya ce in gode maka, takalmin ko kaɗan bai ci masa ƙafa ba."

Na sunkuya ina kallon tabon dunduniyata. Ƙafata ƙafarka. Ashe lambar takalmi yake nufi.