Kore a Tsakiyar Taswira

"Kore ya ƙaru!" in ji shugaban sashe, yana ƙwanƙwasa fuskar kwamfutar ma'aikaciyarsa da biro. "Rubuta rahoto, ƙasa ta fara farfaɗowa."

Ta cire tabarau ta murza idanu. Shekara tara ke nan tauraron ɗan'adam yana aiko mata hoton yankin nan duk mako, tana aunawa, tana rubutawa, rahotannin suna shan ƙura a kabad. Yau da labari ya yi daɗi, har shayi aka kawo mata.

Ta ƙara girman hoton. Ta san wannan lanƙwasar ta bakin tafkin garinsu, a nan ta koyi iyo.

Ta fita baranda ta kira mahaifinta, masunci tun kafin a haife ta.

"Baba, kana ina?"

"Ina tsakiyar tafki, 'yar nan."

"A kwalekwale?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "A ƙafa. Waken da na shuka nake nomewa. Kwalekwalen yana gida, awaki na cin dusa a ciki. Na'urar taku ba ta gaya miki ba?"

Ta waiwaya. Ta taga tana hango shugaban yana nuna wa wasu baƙi koren, suna tafa masa.