Abin da Kalla Ya Faɗa a Bakin Shinge

"Ba ya ciki, Yaya," in ji Imrana, tun kwamfutar ba ta gama buɗewa ba.

Maimunatu ta ce ya dai duba. Tana tsaye a rumfarsa ta gyaran kwamfuta a kasuwar Black Market ta Abijan, gumi ya jiƙe mata hijabi, hayaniyar unguwar Adjamé ta cika mata kai. Ba ta ratso wannan cunkoso don ƙaninta ya sallame ta da kalma uku ba.

Mijinta Kalla mutumin Nijar ne, shinkafa yake sayarwa a unguwar Treichville. Ana tsakiyar rikicin zaɓe ya fita wata safiya, a hanya ya faɗa hannun samarin da ke tare titi da shinge suna tantance baƙi. Ba a ga gawa ba, ba a ga takalminsa ba. Bayan an daina harbe-harbe, wani ɗan'uwansa ya bugo waya daga Yamai, ya ce akwai bidiyo a intanet da wani ya ɗauka da wayar hannu, kuma Kalla yana ciki.

Mutuwar ta riga ta karɓa, jikinta ya gaya mata tun ran nan. Abu ɗaya ya hana ta ci ya hana ta sha: shin ya samu ya yi kalmar shahada kafin su gama da shi?

Ta ƙi ta kalli mijinta a siber, shagon shiga intanet, cikin 'yan zaman kashe wando masu leƙen allon kowa. Ta sayi kwamfuta sabuwa fil, ta kai wa matar da ke kula da siber ɗin Treichville ta sauke mata bidiyon a kai. Da ta iso gida a unguwar Liberté ta buɗe, wayam. Ta danna nan, ta danna can, sai hoton ciyawa da sararin sama. Shi ya sa ta nufo Imrana, wanda ita ta goya shi a bayanta, kuma Kalla ne ya kama masa wannan rumfa.

Imrana haihuwar Abijan ne, katin ɗan ƙasa a aljihu, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. A da sai an yi masa faɗa yake juyowa Hausa. Tun bayan rikicin kuwa, Hausar yake ta lanƙwasawa ko da ta karye masa, har kwastomominsa suna yi masa tsiya. Ya rame. Amma wa rikicin nan ya bari da ƙiba?

Ya yi ta yawo da 'yar kibiyar nan a kan allo, yana buɗe wuraren da ko makaho ya san babu komai. Ya ce wataƙila layi ya yanke ana cikin saukewa. Ya ce wataƙila ƙwayar cuta ta cinye shi. Ya ce wani abin, rashin ganinsa ya fi alheri.

"To rufe min," ta ce. "Zan koma siber in kalla a gaban kowa, in ya so su yi ta kallona."

Bai rufe ba. Nan take, wallahi kamar wanda aka tsikara, ya shiga wata jaka mai suna Téléchargements, inda duk abin da aka sauke yake zuwa ya kwanta, sai ga bidiyon. Ya danna, na'urar ta ce ba ta san irinsa ba, sai an sa mata manhajar kallo. Ya zaro faifai daga durowa ya sa, koren layi ya fara jan ciki. Maimunatu ta zuba wa layin ido tana salati a zuci. Da ya cika, Imrana ya taɓa wani maɓalli a saman allon rubutu, sannan ya kunna, ya koma bakin rumfa yana kallon masu wucewa.

Hoton yana rawa. Tayoyi, katako, samari da adduna. Ga Kalla nan a durƙushe cikin shuɗiyar rigar da ta goge masa da hannunta. Ya ɗaga kai, ya kalli wani gefe da hoton bai kai ba, bakinsa yana motsi, yana motsi, yana maimaita abu ɗaya. Sai wani ya sha gabansa da jarkar fetur.

Babu sauti ko kaɗan.

"Muryar fa?"

"Ba ta sauko tare da hoton ba, Yaya. Haka yake yi wani lokaci." Har yanzu bai juyo ba. "Amma ai kin ga leɓensa. Shahada ce."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ta ce alhamdu lillahi, ta sake cewa, ta zauna a kan wani mataccen talabijin. Ta sa masa albarka, ta ce Allah Ya yi masa abin da ya yi mata. Ya ƙi yarda ya raka ta tashar motocin haya na gbaka, wai aiki ya yi masa yawa, alhali ko ƙuda babu a rumfar.

Da la'asar ta kulle ɗakinta, ta cire ɗankunne da awarwaro don shiga takaba, ta ɗora kwamfutar a cinya. So take ta karanta shahadar tare da shi, baki da baki. Ta kunna. Kuka ya ci ƙarfinta, hawaye suka zuba a kan maɓallan, ta ja gefen zanenta ta goge su daga wannan kusurwa zuwa waccan, har ta bi ta kan maɓallin nan da Imrana ya taɓa.

Ɗakin ya cika da ihu.

"Imrana!" Kalla yake kira. "Imrana, gaya musu ka san ni! Gaya musu ni surukinka ne!"

Daga inda hoton bai kai ba, muryar da ta goya a bayanta ta amsa cikin Faransanci mai tsabta, ta ce ba ta jin yaren mutumin nan, kuma ba ta taɓa ganinsa ba.