Shunayyar Hular Shigeru

Kwana uku takardar ta yi a aljihun Kuwabara, kocin Ƙaguwa, ƙungiyar besbol, wato wasan dukan ƙwallo da sanda, har ta fara laushi. Abin da ya rage kawai shi ne ya buga mata hatiminsa kafin tsakar ranar Juma'a.

Tayin ba shi da wuyar ganewa. Inomata, kocin ƙungiyar Hankaka ta garin bayan dutse, zai ba shi Hayase, mai jefa ƙwallon da babu kamarsa a lardin. An ce idan Hayase ya saki ƙwallo, masu riƙe da sanda ba sa ganinta, sai dai su ji ƙararta a hannun mai cafewa. Shi kuma Kuwabara zai ba da yaransa uku masu tasowa: Osamu, Minoru da Shigeru.

Shekara goma sha ɗaya yana jan Ƙaguwa, bai taɓa ɗaga kofin kaka ba. A hunturun da ya wuce ya rasa 'yan wasa biyu, kuma ba masu dawowa ba ne. Yaran uku kuwa, duk da ƙarfin hannunsu, dokar gasa ta ce shekarunsu ba su kai su sa shunayyar hular 'yan wasa ba. Aikinsu ɗaukar sanduna, sharar fili da dafa wa manya shayi, kamar kowane ƙarami. Shigeru ne zai fara isa, a watan Afrilu. Sauran biyun sai nan da shekara biyu, kuma Kuwabara bai ga alamar za a bar shi ya jira har haka ba.

Matsalar ɗaya ce. Shigeru ɗansa ne, kuma tun ranar da aka ba Kuwabara ƙungiyar yaron yake ƙirga lokacin da zai yi wasa a ƙarƙashinsa.

"Baban Shigeru," in ji matarsa Fusae, tana zuba masa miyar safe, "ashe har da ɗana a cinikin naku?"

"Ba ciniki ba ne, musaya ce."

"Mota biyu zai shiga kafin ya kai garin nan. Yaron da ko laimarsa ba ya tunawa! Wa zai riƙa ɗaure masa abincin rana?"

"Maman Shigeru, ba a ɗaga kofi da abincin rana."

Da ya ɗanɗana miyar, sai ya ji yau babu gishiri.

Ranar Alhamis da hantsi ya je ya ga Hayase da idonsa. Jifa goma sha biyar Hayase ya yi, ba a taɓa ko ɗaya ba. Yana gamawa ya nemi kujera, ya zauna yana murza kafaɗa, amma wane majefi ne ba ya murza kafaɗa? Kuwabara ya koma gida ya riga ya yanke shawara. A hanya ya bi ta filinsu, ya hango Shigeru shi kaɗai yana jan manjagara a kan jar ƙasa, yana gyara tudun majefa da bai taɓa hawa a wasan gasa ba. Ya kau da kai ya wuce.

Juma'a suka haɗu a shagon taliya na bakin tasha. Inomata ya riga shi zuwa, har ya ci rabin kwano.

"Ga mai kofi sifili! Zauna, kar ka faɗi. Ka zo da hatimin, ko shi ma ka manta inda ka ajiye?"

"Ci abincinka, romo na zuba a rigarka."

Kuwabara ya shimfiɗa takardar a tebur, ya cusa hannu cikin jaka yana laluben hatimi. Yatsunsa suka taɓa wani abu mai laushi da bai san da shi ba. Ya zaro. Shunayyar hula ce, sabuwa fil. A cikinta an ɗinka sunan Shigeru da farin zare, ɗinkin a karkace, don idon Fusae ba kamar da ba. A ƙarƙashin sunan ga ranar tara ga Afrilu. Hatimin na nan naɗe a cikin hular, yadda ba za a ɗauke shi ba sai an buɗe ta.

Ya daɗe yana kallonta, har taliyarsa ta huce. Sannan ya ninke takardar gida huɗu, ya tura ta gaban Inomata.

"Riƙe Hayasenka."

"Za ka sha kuka a kaka, wallahi."

"Na saba."

Ya kuwa sha. Hayase ya fitar da su daga gasa tun a wasan farko, amma gishiri ya dawo cikin miya.

Ranar tara ga Afrilu, da ƙarfe goma na safe, Kuwabara ya dogara sandarsa ya fito tsakiyar fili, ya ɗora wa ɗansa hular da hannunsa. Shigeru ya rusuna, ya nufi tudu yana gyara tabarau. Daga cikin 'yan kallo Fusae ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Shigeru! Ka sha maganin hawan jininka kuwa?"

Ranar ce yaron ya cika shekara saba'in, mafi ƙarancin abin da gasar tsofaffin lardin take karɓa.