Matuƙin da Ba Ya Makara

Kwamfutar ta sake ba da amsar da ta bayar jiya da shekaranjiya: babu kuskure. Darlene Hruska ta cire tabarau, ta ture kofin da ya huce.

Aikinta a wani kamfanin ƙera jirage na garin Wichita shi ne ta tabbatar, ta hanyar lissafi, cewa na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ba za ta ruɗa mutumin da ke kujera ba. Akan zuba wa kwamfuta duk abin da na'urar ke iya yi da duk abin da matuƙi kan yi, sai ta bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wadda ke ƙarewa a ƙasa.

Kwamfuta ta ce babu. Amma ɗaya ta ƙare a gonar alkama.

Curtis Amsden, matuƙin ƙaramin jirgin kaya, yana shirin sauka cikin ruwan sama na'urar ta daina riƙe tsayi, ta fara gangara. Iyakar sanarwarta, wani ɗan rubutu kore ya koma fari. Kafin ya lura ya ja jirgin ya ɗaga, ƙasa ta iso. Masu bincike na dab da rubuta cewa sakacinsa ne.

Matarsa Lorna cocinsu ɗaya da Darlene. Ranar jana'iza ta riƙe mata hannu, ta ce abu ɗaya take roƙo, kada 'ya'yanta su tashi suna jin ana cewa ubansu ne ya yi sakaci. Darlene ta ce za ta duba. Tun daga nan Darlene ta koma zama a layin baya a coci.

Matsalar ita ce matuƙin da ke cikin lissafin. Waliyyi ake ce masa a ofis, don ba ya kuskure. Tun kafin a ɗauki Darlene aiki aka zaunar da mutum guda a jirgin kwaikwayo wanda ba ya barin ɗaki, aka auna saurin idonsa da hannunsa, sannan aka goge sunansa kamar yadda aka saba. Da shi ake auna kowa.

Ta jera mintunan ƙarshe na Curtis kusa da na Waliyyi. Tafiyarsu ɗaya, har duba mai kafin duba gudu, abin da ba kowa ke yi ba. A wuri guda suka rabu. Rubutun na sauya launi Waliyyi ya gani. Curtis ya makara.

Sai ta ɗan rage wa Waliyyi sauri, kamar na mutumin da ruwa ke dukan gilashinsa, rediyo na masa magana, yana neman fitilun filin sauka. Nan take jirgin lissafi ya faɗi.

Ta kai wa shugabanta, Royce Tillman. Ya duba yana tauna cingam, ya ce idan aka yarda kowa ya gurgunta Waliyyi yadda ya ga dama, ko keke ba za a amince ya hau titi ba. Ta ce wanda aka auna a ɗaki yake, ya san za a jefo masa matsala, ya kuma san ƙasar da ke ƙarƙashinsa kafet ce.

"Darlene, ke injiniya ce ko fasto?" in ji shi. "Mutum mai jini aka auna, ba mala'ika ba. Da shi ne a kujerar nan, da yanzu yana bayan gidansa yana gasa nama."

Aka sa hannu a rahoton, aka aika wa masu bincike.

Ranar Asabar da hantsi ta tsaya a ƙofar Lorna, ta daɗe a mota tana roƙon Allah Ya ba ta bakin magana. A kicin kwanonin abincin maƙwabta na jere, ba a buɗe ba. Ta faɗa mata yadda take: an gwada abin da Curtis ya yi da abin da ƙwararren matuƙi zai yi, an ce bai kai ba. Babu sauran inda za a kai kuka.

Lorna ba ta yi kuka ba. Ta zuba mata kofi, ta ce Allah Ya saka, ta san ta yi iyakar yinta. Ta zauna tana goge teburin da babu komai a kansa.

"Abin da ke cina, shi ya fi kowa yarda da jirgin nan naku," ta ce. "Kullum cewa yake an ɗinka shi daidai jikinsa. Ina da cikin babbar yarinyarmu kamfaninku ya kira shi, shi kaɗai cikin matuƙan garin nan, ya yi mako a jirgin nan na cikin ɗaki suna auna idonsa da hannunsa."