Hoton Iyalin Injiniya

"Ɗan ɗaga haɓa, ranka ya daɗe. A'a, ya yi yawa. Sauke kaɗan."

Injiniya ya sauke haɓar yana duban agogo. Ɗaliba, kamar yadda kowa ke kiranta a shagon hoton, ta koma bayan kyamara ta goge tafin hannunta a jikin zani. Gumi take yi, alhali fanka na juyawa a kanta.

Wannan ne aikinta na farko ita kaɗai. Tun da ta fara koyon sana'ar, nata bai wuce naɗe waya da riƙe farin allon da ke maido da haske kan fuska ba. Yau malaminta ya zauna a kusurwa ya harɗe ƙafa, ya ce shi ɗan kallo ne. In hoto ya yi kyau, kyamara ta zama tata. In ta ɓata, to akwai ɗan ƙanensa da ke jiran gurbinta. Malam kuwa ba ya magana biyu.

Kuma don mugunta irin ta tsofaffin masu sana'a, sai ya bar ta da fuskar da ta gagari kowa. Tun daga ƙofa matar Injiniya take mita, wai sun zaga shaguna har sun gaji, ba wanda ya taɓa fito da mijinta kamar mutum. Da gaskiyarta. Idanunsa a loko suke, in haske ya zo daga sama sai su koma ramuka biyu. Karan hancinsa ya karkata hagu, fatar idonsa na dama ta fi ɗayar sauka, ga goshi mai ƙyalli kamar an shafa masa mai.

Ɗaliba ko gwaji ba ta yi ba. Ta sauko da fitila mai lema har daidai idonsa, don hasken ya shiga lokon. Ta sa ya juya kafaɗa dama, fuska kuma ta ɗan dawo, sai karkatar hancin ta ɓace. Ta bar idon da ya sauka a ɓangaren inuwa. Ta miƙa wa matar hankici ta ce a danna masa a goshi, kar a goga.

Malam ya sauke ƙafarsa ƙasa. Shi dai ya san bai koya mata wannan ba. Abin da ya sani shi ne, da rana in shago ya yi shiru, takan hau kujerar baƙi ita kaɗai ta yi ta jan fitila gaba da baya, kyamara na ɗauka da kanta. Ba ta da wanda zai zauna mata. Mahaifiyarta ta ce ita ta gama da hoto tun tuni.

Aka zo jera yara. Uku mata, sai autan namiji da ya ƙi tsayuwa wuri ɗaya. Ɗaliba ta sa dogayen a baya, ta ɗora autan a cinyar uwarsa. Injiniya ya ɗaga hannu.

"Babbar 'yata ta dawo kusa da ni. Nan ne wurinta."

Yarinyar ta matso, ya gyara mata ɗankwali da kansa, ya ce mata wani abu a kunne, suka yi dariya. Ɗaliba ta kau da kai. Ta ɗaure kyamarar a kan ƙafafunta uku don kar hoton ya girgiza.

Darasin farko da Malam ya ba ta shi ne, wanda ke cikin haske ba ya ganin wanda ke bayan fitila. Duk da haka ta ɗan fito gefe, ta tsaya inda haske ke taɓa ta, ta yi jinkiri kamar mai gyara waya. Injiniya ya dube ta, irin duban da ake yi wa mai kawo shayi.

"Yi sauri, yarinya. Ki dai tabbata duk 'ya'yana sun shiga, kar a yanke ko ɗaya."

Ta koma cikin duhu ta danna.

Da hoton ya fito a allon kwamfuta, matar ta dafe ƙirji. Ga mijinta nan da kwarjini, idanu tar, hanci a miƙe. Ta ce, "Ikon Allah. Ya aka yi kika san kan wannan fuskar daga gani ɗaya?"

"Na saba da irinta ne, Anti."

Malam ya taso ya rataya mata igiyar kyamara a wuya. Abin da ta daɗe tana nema ke nan, amma ko kusa bai yi mata daɗi ba. Injiniya ya tsaya a bakin ƙofa yana laluben makullin mota, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Kin iya aikinki. Ubanki ya yi sa'ar 'ya."

Suka fita, motar ta tashi. Ɗaliba ta kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya, ta zauna tana kallon hoton. Babu abin da za a gyara a cikinsa. Wannan loko da wannan karkataccen hanci ta yi wata da watanni tana koyon haska su a kan tata fuskar, don su kaɗai Injiniya ya bar mata ranar da ya fita daga gidan mahaifiyarta tana goye. 'Ya'yan Injiniya duk sun shiga hoto, ban da babbar, wadda ta ɗauka.