Jar Fitilar Motar Kimba

Tun ranar da Kimba ya fito da farar bas ɗinsa daga bakin tashar jiragen ruwa ta Lome hankalinsa bai kwanta ba. Ya daɗe yana tuƙa motocin mutane, wannan ce ta farko da za a ce tasa ce. Tsohuwa ce 'yar Turai, amma fentinta sai ƙyalli yake. Bai ma kai unguwarsu Zango ba, yana daidai Agoè, wata jar fitila mai siffar buta ta fara ƙiftawa a gaban sitiyari. In ya taka totur ta ɗauke, in ya sassauta ta dawo.

A gida ya tarar da maƙwabta sun cika ƙofa ana ta yi masa barka. Ya yi fakin, ya kashe motar da sauri don kada kowa ya leƙa.

Akwai Sabitu bakanike a bayan masallacin Juma'a, wanda duk direbobin unguwa ke kai wa mota. Kafin a yi cinikin motar, Sabitu ya ce wa Kimba su je tare ya duba injin, Kimba ya ce shi ma ya san mota. Yanzu kunyar komawa wurinsa yake ji. Gani yake gobe labari zai cika tasha cewa an cuci Kimba.

Sai ya shiga yawon tambaya a fakaice, yana cewa motar wani abokinsa ce. Wani direba ya ce baƙin mai ne ya yi ƙasa. Kimba ya zaro sandar awo, ya ga mai a cike. Wani ya ce haka motocin Turai suke, zafin ƙasarmu ke ruɗa su. Wani dattijo a rumfar mai shayi ya ce baki ne, a yi sadaka. Ya yi sadakar, fitila ba ta fasa ba. Ko abinci aka ajiye masa, sai ya tashi ya je ya kunna motar ya tsura mata ido.

Matarsa Aïssa ta gaji da wannan safa da marwa.

"Baban Mariama, ka kai wa Sabitu mana. Dariya dai ba ta kisa."

Ya ce ta bar maganar, ita me ta sani game da mota.

A ƙarshe ya tafi can Adakpamé inda babu wanda ya san shi, ya sami wani mai gyaran wayoyin mota a gefen titi. Mutumin ya tambaye shi ko inji na ƙara, ya ce a'a. Mutumin ya ce to waya ce kawai, ya sa hannu ta ƙarƙashi ya cire ƙwan fitilar. Kimba ya dawo gida yana fito.

A shekarar ne mahaifiyarsa Inna Kulsum, mai sayar da goro a Sokode, za ta sauke farali. Tun Kimba yana yaro take wannan buri. Takardunta sun fito, an sa ta a jirgin ƙarshe na alhazai. 'Yan'uwa suka ce ta hau motar haya ta iso Lome da wuri. Kimba ya hana, ya ce uwarsa ba za ta matsu cikin motar haya ba alhali yana da tasa. Amma da yake akwai lodin da ya karɓa, bai tafi ɗauko ta ba sai ana gobe jirgi zai tashi.

Sun baro Sokode bayan sallar asuba. Inna tana gaba da carbinta, tana ta sa masa albarka. Da rana ta ɗaga, sun wuce Blitta, inji ya fara wani bugu kamar ana daka. Kimba ya duba gaban sitiyari, bai ga komai ba, ya ƙara wuta. Ba su yi nisa ba motar ta yi wata ƙara, ta shaƙe, hayaƙi ya taso ta ƙarƙashin kujera.

Daji ne, ba gida gaba, ba gida baya. Ya tsaya tsakiyar titi yana ɗaga hannu, motoci na wucewa maƙil. Sai bayan azahar wata babbar motar gawayi ta tsaya, aka ɗora Inna da akwatinta, Kimba ma ya hau. Motar na rarrafe, ga shingen sojoji a kowane gari, a tsaya a duba takardu. Kimba ya sauka ya hau, ya roƙi wannan ya roƙi wancan, rigarsa sharkaf da gumi.

Magariba ta yi kafin su isa filin jirgi. 'Yan rakiya har sun watse. Wani ma'aikaci ya gaya musu an yi ta kiran sunanta kafin a rufe ƙofa.

Inna ta zauna a kan akwatinta, farin mayafinta duk baƙin gawayi.

"Kimba, nemo mini ruwa in yi alwala. Allah bai kira ni bana ba."

Da aka jawo motar zuwa Zango, Sabitu ya buɗe injin ya tarar ya ƙone. Ya ce famfon da ke tura baƙin mai ne ya gaji, shi fitilar ke ta faɗa, kuma da an kawo da wuri aikin yini ɗaya ne. Babu wanda ya yi dariya.

Inna Kulsum ba ta ga wani aikin hajjin ba. Ta yi 'yar gajeriyar jinya da damina, Allah ya karɓi abarsa. Kimba ya koma tuƙin motar mutane, kuma har yau in lokacin tafiyar alhazai ya zo ba ya fita rakiya.

Jama'a, in abu ya nuna muku alamar matsala, a mota ne ko a jiki, ku kai wa wanda ya sani tun da wuri, ko da za a ji kunya. Kashe alamar ba ya gyara komai, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba shi ke shan wahalar.